Rumfar Baba ta bayan kasuwar Ɗambatta da tsohon injin wankin da ya tayar min

Wata Lahadi bayan an gama kaka na ɗora wani tsohon injin wanki a amalanken ƙanena daga ƙauyenmu zuwa bakin kwalta, daga nan a-kori-kura ta ɗauke mu zuwa Ɗambatta. Ranar kasuwa ce, hanya a cushe da masu kora awaki da masu buhunan gero, kuma duk inda muka tsaya sai wani ya leƙo ya tambaya wace irin tukunya ce wannan mai ƙafa huɗu. Rumfar da na nufa tana can bayan kasuwa, kusa da masu walda. Ba ta da allo, ba ta da suna. Kwano ne aka ɗora kan turaku, da benci biyu, da inuwar darbejiya, sai tarin injinan ban ruwa da na markaɗe suna jiran layi. Mai rumfar dattijo ne da ya haura saba'in, kowa Baba yake ce masa, ni ma haka. A kan aikinsa nake son in yi magana, domin tun da na fara sa hotunan injinana a Facebook ake ta tambayata wa ke yi min gyara, kuma ko ya kai a ɗauko masa kaya daga nesa.

Ni malamin firamare ne, shekarata ashirin da bakwai ina riƙe da alli. Ɗan abin da ya ragu bayan cefane da kuɗin taki, a tsofaffin injinan wanki nake zuba shi. Yanzu ina da guda biyar, a ɗakin da ke jikin zaure nake ajiye su. Uku 'yan Japan ne masu baho biyu, National biyu da Sanyo ɗaya. Sai Hoovermatic ɗan Birtaniya. Sai wannan da na ɗauko a amalanke, Maytag ɗan Amurka. Duk daga hannun 'yan gwangwan na karɓo su, yawanci a Ƙofar Ruwa cikin birnin Kano, inda ake sayen ƙarfe da awo, a farfasa, a ware tagulla daban, alminiyom daban. Ka makara da kwana ɗaya, sai ka tarar guduma ta riga ka. Tushen abin kuwa mahaifiyata ce, Allah ya jiƙanta. Mu goma sha ɗaya take yi wa wanki a bakin rijiya da sabulun salo, kuma da hunturu ya shigo sai bayan hannunta ya tsattsage har jini, ta shafa man kaɗanya da dare, gari ya waye ta koma. Ina aji biyu a makarantar kwana na fara ganin injin wanki a gidan wani malaminmu. Na daɗe a tsaye ina kallon ruwa yana juya kaya ba hannun kowa a ciki, ba abin da ke raina sai hannun Inna.

Shi wannan Maytag ɗin bahonsa na alminiyom ne mai kusurwa huɗu, kaurinsa kamar na tukunyar biki. A tsakiyar bahon akwai makaɗi mai fukafukai, ya je dama ya dawo hagu. A sama kuma akwai mamatsa, wato gungumen roba biyu da ke juyawa a manne da juna, ka tura musu jiƙaƙƙen tufa su tatse ruwan. Lambar da ke jikinsa E2L ce. Kamfanin da ya ƙera shi a garin Newton yake a wancan lokacin, cikin jihar Iowa. A 1907 ya fara yin injin wanki, na katako da ake juyawa da hannu. A 1922 ya fito da salon kaɗa kaya daga ƙasan baho, wanda suka sa wa suna Gyrafoam. Kuma bai daina ƙera masu mamatsa ba sai 1983. Ke nan ko da nawa ne autansu, ya haura shekara arba'in a duniya. Yadda na same shi kuwa ba kyan gani: ƙafafu duk tsatsa, baƙin mai ya bi ƙafa ɗaya ya daskare da ƙura, makaɗin ya ƙame ya ƙi fita, motar lantarkinsa kuma tana warin ƙonewa tun daga nesa.

Abin da ya fara kwanta min a rai game da Baba shi ne bai ɗauki sifana ba. Zagaya injin ya yi sau biyu, hannunsa a baya. Sannan ya durƙusa ya zame bel, ya kama babban fulin yana juya shi a hankali, kunnensa a jikin ƙarfen, har yaransa suka yi tsit. Can ya ɗago ya ce, "Malam, giyarsa lafiya lau take. Haƙori ko ɗaya bai karye ba." Ya lakato man da ke bin ƙafar da yatsa, ya murza, ya nuna min a rana. Saman baƙi ne, amma na ciki ya yi fari-fari kamar kunun gyaɗa. Ya ce, "Ka ga wannan? Ruwa ne ya shiga gidan giya. Robar da ke tare ruwa a gindin makaɗi ta mutu, ruwan wanki yana sauka a hankali, shi kuma mai ya fi ruwa rashin nauyi, sai ya taso ya nemi hanyar fita." Bai taɓa ganin Maytag ba a rayuwarsa, shi ya faɗa min da bakinsa. Amma shekara hamsin yana buɗe gidan giya, daga na injin niƙa har na tarakta, kuma abin da ya faɗa daidai yake da abin da masu tara irin waɗannan injinan a Amurka ke bayani a intanet.

Makaɗin nan kwana uku ya ci. Na san makanikai da yawa da za su sa kurfi da guduma su gama cikin minti goma, su bar maka tsagaggen makaɗi da ba za ka samu madadinsa ba ko ka zagaye kasuwannin Kano kaf. Baba sa wa ya yi aka tafasa ruwa a wajen mai shayi, aka cika bahon har ya rufe gindin makaɗin, aka bar shi ya huce, aka zubar, aka ɗiɗɗiga kananzir, aka sake. Da yamma sai ya cusa wasu 'yan itatuwa biyu da ya feƙe a ƙarƙashinsa, ya ɗan bubbuga su da tafin hannu, ya bar su su kwana. Da wani yaronsa ya miƙo guduma, sai ya ce masa, "Mayar. Alminiyom ba ya son fushi." Ranar ta uku ya kira ni a waya ya ce ya fita, ko ƙwarzane babu. Daga nan ya sauke gidan giyar, ya wanke shi da kananzir, ya auna wurin robar, ya aika birni aka samo masa oyil-sil na mota da ya yi daidai, ya yanka sabon gasket da hannunsa, ya zuba man giya mai kauri.

Sai maganar motar lantarkin. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Wani can a baya ya jona ta kai tsaye ba taransifoma, wayoyin ciki suka ƙone ƙurmus. Ɗan Baba, wanda shi ne ke naɗin koyil a rumfar, ya ce zai iya sake naɗa ta ta dace da wutarmu. To amma wace wutar? Ƙauyenmu akwai turaku da wayoyi, sai dai mukan yi sati ba mu ga ƙyallinta ba, kuma solar da nake da ita ta fitila ce da cajin waya. Ina zaune a bencin ina wannan tunani sai na ba Baba labarin abin da na karanta. A 1915 kamfanin nan ya fara sayar da injin wanki mai ɗan injin fetur a ƙarƙashinsa, suna ce masa Multi-Motor, saboda manoman karkara da ba su da lantarki. Har tsakiyar shekarun 1930 gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da wuta a Amurka. Da ƙafa ake taka shi ya tashi, kamar babur, ana gauraya masa fetur da baƙin mai, kuma akwai doguwar mesa da ake fitar da hayaƙin ta taga. Har wasu na'urori ake haɗa masa, ɗaya ta niƙa nama, ɗaya ta kaɗa madara a fid da man shanu. Baba ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ashe dai don irinmu aka yi shi, Malam. To mu mayar da shi gidansu."

Wannan maganar ita ce ta sa nake tara tsofaffi, ba sababbi ba. Injin wankin zamani mai ƙofar gilashi yana son famfo mai ƙarfi, yana son wuta tsayayya, yana da ƙwaƙwalwar da in wuta ta yi sama ta yi ƙasa sau ɗaya shi ke nan. An yi shi ne don gidan da ke da duk waɗannan. Shi kuwa wannan da bokiti ake cika shi. In ka gama sai ka sauke tiyonsa ƙasa ruwa ya bi ya fita da kansa. Ba ya tambayarka famfo, ba ya tambayarka mita. Matar manomi a Iowa da ke ɗebo ruwa a rijiya shekara casa'in da suka wuce, da maiɗakina da ke jiran 'yan garuwa yau, buƙatarsu ɗaya ce.

Haɗa shi da injin fetur ne aikin da ya nuna min zurfin dattijon. Na sayi ƙaramin injin fetur na markaɗe, na hannu ba sabo ba, irin wanda ake rubuta wa ƙarfin doki biyar da rabi. Motar asali kuwa sulusin doki ɗaya ce kacal, tana juyi 1725 a minti, shi kuma injin fetur in an sake masa wuta yana kaiwa 3600. Gwajin farko da yaransa suka yi, ba ya nan, sun haɗa bel kai tsaye. Makaɗin ya haukace, ruwa ya yi ta tsalle waje, tsohon zanin da aka sa don gwaji ya fito a yage. Da Baba ya dawo daga masallaci ya ga abin, bai yi faɗa ba, alli ya karɓa a hannuna ya yi lissafi a jikin benci. Ya sa aka yi walda aka kafa wani ɗan sandan ƙarfe a tsakani, a kan boris biyu, da ƙaramin fuli a wajen injin da wanda ya ninka shi girma a jikin sandan, gudun ya ragu da rabi. Sannan ya yi wani abu da da farko na ɗauka sakaci ne: ya bar bel na biyu da ɗan sassauci. Na ce, "Baba, ba a ɗan ƙara ɗaure wannan ba?" Ya ce, "A'a. Injin nan ya fi ƙarfin giyar nesa ba kusa ba. Ran da bargo ya cije makaɗi, gara bel ya zame ya yi ƙara ka ji ka kashe, da haƙoran giya su kakkarye. Bel ko'ina akwai shi a kasuwa. Giyar fa?" Tun daga lokacin sau biyu bel ɗin ya zame, duka biyun a kan bargo ne, kuma giyar tana nan garau.

Ranar da aka dawo da shi gida, a tsakar gida muka kafa shi, gefen rijiya, inda iska ke kaɗawa. Wannan ba abin wasa ba ne: injin fetur ba a tayar da shi cikin ɗaki ko zaure a rufe, hayaƙinsa na kisa ne kamar na janareta. Jarka uku ce ta cika bahon. Maiɗakina ta zuba omo, ta fara da fararen kaya, sai kayan makarantar yara, sai atamfofi, sai a ƙarshe kayan gona, duk a ruwa ɗaya, ko wane zubi kamar minti goma. Ɗauraya kuma a manyan robobi biyu a gefe. Maƙwabta suka cika gidan, wata tsohuwa ta matso ta ɗora tafin hannunta a jikin bahon tana jin bugunsa, ta daɗe ba ta ce komai ba. Wankin da ke cin yini guda, kafin azahar yana kan igiya. Ruwan ɗauraya kuma aka juya shi gindin zogale.

Yanzu sai inda ban ji daɗi ba, domin wanda zai ɗauko kaya daga Kazaure ko Ɓaɓura ya kamata ya sani.

Na farko lokaci. Sati biyu ya ce min, sati bakwai aka yi. Na kai injin ne daidai lokacin da masu noman rani na wajen madatsar ruwa ta Tomas ke fito da injinan ban ruwansu, kuma duk manomin da ya zo da injin da ya ƙi tashi, shi ake fara dubawa. Da na yi ƙorafi Baba ya ce, "Malam, naka in ya kwana ba abin da zai bushe. Na wancan tumatir ne a gona." Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Amma da tun farko ya ce min sai bayan wata biyu, da ban yi ta biyan kuɗin mota Lahadi huɗu a jere ba. Wanda ke son aiki da sauri ya kai da damina.

Na biyu shi ne ya fi yi min ciwo har yau. A gaban injin akwai sunan Maytag, ya koɗe amma ana karantawa. Ban yi tunanin in ce kada a taɓa ba. Wani yaron shagon, don ya faranta min, ya sa samfefa ya goge ƙafafu da rigar ƙarfen tas, har da sunan, ya shafe su da koren fenti irin na ƙofar gida. Da na gani sai da na zauna. Baba ya ba ni haƙuri, ya rage min kuɗi, amma ya kasa gane abin da na rasa, domin a wajensa inji ai aiki ne, in yana juyawa ya cika. Ba su san cewa mai tara irin wannan kaya tsohon fenti da tsohon rubutu sun fi masa sabo daraja ba. Saboda haka in za ka kai masa abin da kake ji da shi, ɗauki hotonsa ta ko'ina, ka faɗa wa shi da yaransa baki da baki abin da ba ka yarda a taɓa ba, kuma ka tafi da gwangwani mai murfi na zuba notuna. A ƙasa suke ajiye su, biyu daga cikin na asali sun ɓace a cikin yashi, aka maye su da na babur.

Na uku mamatsa. Robar gungumen ƙasa ta bushe ta farfashe, sabuwa kuma ba ta samuwa a nan. Ya nannaɗe ta da tsohon tib na mota. Tana matsewa da kyau, amma tana barin baƙin zane a farar shadda, don haka bargo da labule da kayan gona kawai muke sa mata. Ko da lafiyarta ƙalau ma ba zan sa mata riga mai aiki ko mai maɓalli ba, fasa maɓalli take yi. Abin da na yaba shi ne ya ƙi ba ni injin sai da ya gyara sandar da ake bugawa gungumen su rabu in sun kama yatsa, ya sa na gwada ta a gabansa sau uku da tsumma. Ya ce kada yaro ya kusance ta, kuma mace ta ɗaure mayafinta ta tattare hannun riga kafin ta tsaya a gabanta. A gidana wannan doka ce.

Ɗansa kuwa, mai naɗin koyil, aikinsa tsaf. Ɗaya daga cikin National ɗina yana gurnani ba ya juyawa, wani a birni ya ce min motar ce ta mutu, sai sabuwa. Shi da ya duba sai ya ce kafasito ce kawai, 'yar na'urar da ke taimaka wa motar ta tashi, ya canja ta a gabana, bai karɓi kuɗin naɗi ba alhali da ya karɓa ban sani ba. Na Sanyo kuma da ta ƙone da gaske, sai da ya ƙirga zagayen tsohuwar wayar ya rubuta a kwali kafin ya warware, kuma ya nuna min sabuwar wayar ya kankare bakinta in ga tagulla ce har ciki, ba alminiyom da aka rina ba. Shekara biyu ke nan tana aiki da ƙaramin janareta ba ta yi zafi ba. Sai dai in injinka na zamani ne mai allo da 'yan fitilu, kada ka wahalar da kanka. Kai tsaye za su ce maka ba sa taɓa mai ƙwaƙwalwa, ka kai birni.

Kuɗin aiki ba shi da tsada, amma ba a rubuta komai. Duk abin da aka yi wa Maytag ɗin, in ka cire injin fetur da na saya da kaina, bai kai kuɗin buhun gero ɗaya ba a lokacin. Kayan da za a saya shi zai faɗa maka, ka sayo ko ka bayar a sayo, kuma yana mayar da canji. Tsohon abin da ya cire ma ba ya riƙewa. Ƙonanniyar motar Maytag, wadda tagullarta kaɗai kuɗi ce, a cikin buhu ya ɗaure min ita ya ce in adana, wata rana ko zan so a naɗa ta.

Hoovermatic ɗin yana wajensa yanzu. Kamfanin Hoover ya fara ƙera injin wanki a 1948 a Merthyr Tydfil da ke yankin Wales, ya fito da wannan mai baho biyu a 1957, kuma masana'antar ta daina ƙera injinan wanki a 2009. Shi abin da ke kaɗa ruwansa a jikin bangon baho yake, ba a ƙasa ba, wani faifai ne da ke juyawa da gudu, shi ya sa yake nannaɗe kaya su zama igiya in an bar su sun daɗe. Wutarsa ta dace da tamu, ba ya buƙatar taransifoma, amma abin dafa ruwan da ke cikinsa ya fi ƙarfin janaretana, don haka na ce a cire wayarsa a naɗe ta a bar shi a wurinsa, kada a fitar. Ruwa yana yoyo ta bayan faifan, Baba yana neman robar da za ta zauna. Wannan karon na rubuta da alli a jikinsa, manya-manya: KADA A YI FENTI. Ya ce in leƙo ran Lahadi ta sama, in masu tumatir sun bar shi ya numfasa.